Awon Landan da Tsinken Tsintsiya

Ni ne na auna nisan da ke tsakanin Kano da Landan da tsinken tsintsiya, kuma awon bai fita daidai ba. Tsinken ba shi da laifi. Kaina ne ya manta cewa jirgin sama ba ya kafewa a taɓo.

Ina ajin ƙarshe na firamare a Birnin Gwari lokacin da gwamnati ta zaɓi yayana za ta tura shi Ingila ƙaro karatu. Labarin ya iso gida tsakiyar damina. Baba ya zauna a zaure yana amsa barka har muryarsa ta dishe. Inna, da yake ɗan farinta ne, ta yi kamar ba ta ji ba, sai dai miyar ranar gishiri biyu ta sha. Kaka kuwa, wato mahaifiyar Baba, tambaya ɗaya ce ta dame ta: kwana nawa ake yi a hanya?

Akwai dalilin tambayar. Tun zamanin da kakanmu yake fatauci da jakuna ta cikin dajin nan, Kaka ta ɗora wa kanta wata ɗabi'a. Duk wanda zai yi tafiya daga gidanmu, ita ke haɗa masa guzuri, ta raba shi biyu, babban kashi nasa, ƙarami nata. Daga sa'ar da ya sa ƙafa waje ba ta ƙara taɓa abin da ya sauko daga wuta. Ba tuwo, ba koko, ba kunu. Abin da matafiyin yake ci a hanya shi za ta ci, har sai lissafinta ya nuna mata ya sauka. Takan ce ba za ta zauna tana lasar miya ba alhali jininta yana can yana tauna gumba a gindin itace. Liman ya taɓa gaya mata addini bai ce a yi haka ba. Ta ce ita ma ba ta ce ya ce ba. In tafiyar Funtuwa ce ko Kaduna, abin bai fi kwana biyu uku ba, babu wanda ya damu. Ni ma ban taɓa damuwa ba, don nakan taya ta cin dakuwar.

Yaya yana Zariya a lokacin, bai zo sallama ba tukuna. Sai Kaka ta kira ni ɗakinta.

"Zo nan, ƙaramin miji. Kai da kake zuwa boko kullum kana ƙarar mana da sabulu, gaya mini. Garin nan da babban miji zai je, kwana nawa ne?"

"Tsohuwa, wannan ai sai an auna," na ce.

"To auno. In ka yi mini ƙarya na sake ka."

"Ke za ki sake ni? Wa zai kwashe ki?"

Ta jefo mini mafici, na kauce.

Washegari da aka tashi tara na maƙale a aji. Akwai wata tsohuwar taswirar duniya a bangonmu wadda gara ta riga ta cinye rabin Indiya. Na ga Kano, na ga Landan. Birnin Gwari ce ban gani ba, sai na ɗauki wani ɗigo da ƙuda ya bari a wajen da ya kamata ta kasance. Na zari tsinke a tsintsiyar aji, na karya shi daidai tsawon ɗigon ƙuda zuwa Kano. Na san abin da wannan guntun tsinke yake nufi a cikin mota, domin na taɓa bin Baba sau ɗaya da damina: muka kwana a hanya, muka tura, muka yanko ganye muka shimfiɗa wa taya, muka sake kwana. Sai na yi ta jera guntun tsinken daga Kano ina haurawa sama, ina ba kowane tsinke kwanakinsa. Da na iso sahara na yi ƙari saboda rairayi. Da na iso teku na sake ƙari, don ban san yanayin hanyarta ba. Na haɗa na tara, na ga Yaya ba zai sauka ba sai an yanke dawa.

Wannan ɓangaren wauta ce zalla, da gaske na yarda da lissafin. Abin da na ƙara daga baya kuwa halina ne. Na samu Kaka tana gyaran kuɓewa, na zauna na gyara murya. Na ce mata jirgi yakan tsaya a kan gajimare injinsa ya huce, karen mota ya fito ya sa masa waigi. Na ce in an zo hawa, fasinjoji maza sukan sauko su tura. Na ce akwai wani wuri a sama inda sanyi yake daskarar da sallama, sai an sauko ƙasa ake jin amsa.

Ban ga ta yi dariya ba. Ta ajiye wuƙa ta gyaɗa kai.

"Dama na sani," ta ce. "Ai ina ganinsa in ya bi ta kanmu. Rarrafe yake yi. Ko shirwa mai ciwon fiffike ta fi shi sauri."

Gaskiyarta ta wani gefen. Jefi-jefi wani jirgi yakan ratsa ta saman daji, can ƙololuwa, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar shinkafa, sai ka yi alwala ka gama bai ɓace ba. Kaka ta haɗa abin da idonta ya gani da abin da bakina ya faɗa, magana ta zauna.

Aka shiga daka. Sati guda turmin gidanmu bai huta ba, har na maƙwabta aka aro. Aka yi dakuwa, aka yi gumba, aka yi nakiya, aka soya ƙuliƙuli kamar za a ciyar da barikin soja. Baba ya yanka ɗan akuya aka yi dambun nama, aka sayo kilishi. Wata tsohuwar ƙawar Kaka daga wajen Gayam ta taho da tulun zuma a kafaɗa, ta ce kuma ta sa a yi wa yaron addu'a a cocinsu ran Lahadi. Su biyun suka zauna suna ɗure buhu, suna gardamar ko Turawa sun san daddawa.

Da Yaya ya iso ya ga buhu biyu jingine a ƙofar ɗaki, sai ya tambaya ko gero aka sayo.

"Guzurinka ne," in ji Kaka.

"Kaka, dare ɗaya ne fa!"

"Haka kakanka yake cewa. Yanzu zan dawo, yanzu zan dawo. Sai ya dawo da sabon gemu."

"Wallahi dare ɗaya ne."

"Kada ka yi mini rantsuwa don ka kwantar mini da hankali. An auna mini."

Yaya ya yi dariya ya bar maganar, ya zaci rigimar tsufa ce. Ni kuma ina gefe ina jin tausayinsa, na ɗauka ɓoye wa tsohuwa yake yi. Ya kamata a nan in faɗi wani abu game da Yaya, domin zai yi amfani a gaba. Ban taɓa ganin mai ci irinsa ba. Siriri ne kamar kara, amma in ya zauna gaban akushi sai ka ji tausayin akushin. Ko gona za shi, nan bayan gari, sai ya cika aljihu biyu. Kaka ce ta yaye shi, ta san cikinsa fiye da yadda ta san ɗakinta.

Ranar tafiya aka ɗora buhunan a kan gingimari, Baba ya hau don ya raka shi har filin jirgi a Kano. Inna ba ta fito ba, tana can tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Mota na tashi Kaka ta koma ɗaki ta jawo ƙwaryar kashinta ta ajiye kusa da gado. Da dare aka kai mata tuwo ta ce a mayar.

Bayan kwana biyu malaminmu ya shigo aji yana fara'a, ya ce yau za mu yi maganar ɗan garinmu da ya tafi Ingila. Ya tambaya wa ya san tsawon lokacin da jirgi yake ɗauka daga Kano zuwa Landan. Na ɗaga hannu har da tsayuwa. Na ba da amsata, na kuma bayyana yadda na samo ta, da tsinke da komai, ina jiran tafi.

Malam ya dafa tebur. Da farko na zaci tari ne ya sarƙe shi. Sai da ya share hawaye sannan ya ce, "Kai, wa ya ce maka jirgi yana bin hanyar Dogon Dawa? Wa zai tare shi da shinge don an yi ruwa? In ya tashi bayan isha'i, yayanka a can zai yi sallar asuba. Nisan da ka auna yana nan, mil dubbai ne, amma a dare ɗaya yake cinye shi."

Aji ya kwashe da dariya, har da waɗanda ba su san inda Kano take a taswirar ba. Dariyar ba ta dame ni ba, na saba ba da ita. Ƙwaryar Kaka ce ta faɗo mini a rai. Ana tashi na zura da gudu.

"Kaka, ki ci tuwo! Ya sauka! Kuskure na yi, dare ɗaya ne!"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Uwarka ta aiko ka?"

"Malam ne ya faɗa."

"Ba kai ne ka ce ka ga mesa ta haɗiye keken ma'aikacin gandun daji ba, har ƙararrawa tana kaɗawa a cikinta?"

"Wannan daban."

"Ba kai ne biri ya yi wa sallama a hanyar Tabanni ba?"

"Kaka, wannan wasa ne. Yanzu gaskiya nake faɗa."

"To ran nan da ka auno, wasa ne ko gaskiya?"

Duk ƙaryar da na taɓa shirgawa ba ta karɓa ba, sai guda ɗaya da na faɗa da zuciya ɗaya, ita ce ta riƙe gam.

Na je na roƙi Malam ya zo da kansa. Mutumin kirki, ya zo da yamma a kan kekensa, ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi mata bayani tiryan-tiryan, har yana zana sama da ƙasa da yatsa a tsakar gida. Ta saurare shi har ya gama.

"Malam, ka taɓa shiga?"

"A'a, Iya, ban taɓa ba."

"To. Allah Ya yi maka albarka. Ga dakuwa ka kai wa yara."

Daga nan abin ya daina ba ni dariya. Haƙoran Kaka ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba. Ƙuliƙuli sai ta jiƙa shi a ruwan sanyi ya yi laushi, kilishi kuwa tsotsa kawai take yi ta ajiye. Ga damina ta yi nauyi, kullum ɗaki a jiƙe da sanyi, ga tsohuwa ba ta sa komai mai ɗumi a cikinta. Tari ya kama ta. Na lura tana ƙara zagaya zaninta kafin ya ɗauru. Wata safiya ta sunkuya za ta yi alwala sai jiri ya ɗebe ta, ta zauna daɓas a kan turmi, buta ta kife. Ta ce santsi ne. Wurin a bushe yake.

Inna ba ta dake ni ba, kuma da ta dake ni da ya fi mini sauƙi. Ta same ni a bayan ɗaki ta ce a hankali, "Ka ga bakinka ko? In dawa ta nuna babu tsohuwar nan, sai ka san abin da za ka gaya wa ubanka da wancan yaron."

Na yi niyyar in taya Kaka, na sanar a gida cewa ni ma na bar abinci mai zafi har sai ta ci. Na riƙe wannan alkawari da ƙarfin hali tun daga hantsi har zuwa lokacin da Inna ta buɗe tukunyar miya.

Fatanmu ɗaya shi ne Baba ya dawo ya gaya mata da bakinsa, tunda shi ya ga jirgin a ƙasa. Baba kuwa shiru. Kullum in an tashi makaranta sai in wuce tasha in zauna. Direbobin da suka samu fitowa suka ce wani kwalbati ya karye a wajen Dogon Dawa, motoci sun yi layi a cikin daji, fasinjoji har sun fara sanin sunayen 'ya'yan juna. Na zauna ina lissafin banza: wanda ya tafi bayan teku ya isa tuni, wanda ya je Kano ya kasa dawowa.

Ran da Baba ya iso, da la'asar ne. Ban gane shi ba sai da ya yi magana, don jan taɓo ya rufe shi tun daga hula har takalmi. Na ruga na karɓi jakarsa, ina murna. Sai na ga yaran mota biyu a bayansa, kowanne da buhu a kai. Buhunan Kaka ne, ɗaurinta ma ba a kwance ba.

Tana zaune a ƙofar ɗaki aka sauke su a gabanta. Ba ta amsa sallamar Baba ba. Ta dafa buhu ɗaya, ta dafa ɗayan.

"Ina yaron?"

"Ya tafi, Iya, lafiya lau. A gabana jirginsu ya tashi."

"Ya tafi ba guzuri? Ka bar mini yaro a sama da yunwa har kaka, kai kuma ka ɗauko abincinsa ka dawo da shi gida?" Ta ture ƙwaryarta da ƙafa. "To ku ɗauke wannan ma. In bai ci ba, ban ci ba."

Da tana cin gumba ma yaya aka ƙare?

Baba ya tsuguna a gabanta da taɓonsa. "Iya, ki saurare ni. Akwai sikeli a wurin, kowane fasinja da iyakar nauyin da za a ɗaukar masa. Akwatinsa kaɗai ya cika awon. Mai sikelin ya ce da abinci a ciki, mai zafi ma, ana raba wa kowa. Kuma kwana ɗaya ba ya cika."

"Haka suka gaya maka don ka tafi ka ba su wuri."

"Na ce wa yaron ya fid da littattafai ya zuba guzuri a akwatin, ya ƙi."

Kaka ta ɗago kai. "Ya ƙi?"

"Ya ƙi. Na buɗe masa jakar hannu da muka zuba guzurin hanyar Kano, na ce to ɗebi abin da zai ishe ka. Ya sa hannu ya ɗauki dakuwa."

"Nawa?"

"Cikin hannu ɗaya. Ya zuba a aljihu."

"Aljihu ɗaya?"

"Ɗaya."

"Shi? Babban miji? Ba wanda ya hana shi ƙari?"

"Har roƙonsa na yi."

Ta kalli buhunan. Inna tana leƙowa daga madafa da muciya a hannu. Can sai Kaka ta ce, kamar da kanta take magana, "Yaron da ko gona ba ya zuwa da aljihu ɗaya." Ta gyaɗa kai. "Ashe garin nan bai kai gona nisa ba."

Malam ya yi bayani da zane bai ci nasara ba, Yaya ya yi rantsuwa a banza, amma cikin jikanta ba ya yi mata ƙarya. Ta juya wajen madafa ta ɗaga murya, muryar da muka kwana biyu ba mu ji ba.

"Ke, me kika tsaya kallo? A dama mini kunu tukuna, hanjina ya buɗe. Tuwon kuma a sa man shanu."

Na zauna kusa da ita tana shan kunun, ina kallon maƙogwaronta yana hawa yana sauka. Ban taɓa ganin abin da ya fi wannan kyau ba, har da jirgin da na gani daga baya da idona. Ta shanye ta miƙo mini ƙwaryar.

"Ƙaramin miji, wa ya auno tafiyar nan?"

"Ni ne."

"To mai awo shi ke cin awonsa. Buhu biyun nan naka ne. Ba za a zubar mini da wahala ba."

Na sha gode wa Allah a kan abubuwa da yawa na ranar. Na gode wa mai sikelin nan na Kano da ban san fuskarsa ba. Na gode wa Baba, wanda ya kwana cikin daji da buhu biyu na abinci tsakanin fasinjoji masu yunwa, ya buɗe jakar hannu ya raba musu, amma ya ƙi taɓa ɗaurin uwarsa don ta gani da idonta. Ita kuwa Kaka ban san yadda ake gode mata ba. Da zan tafi sakandare a Zariya, na ga ta raba guzurina biyu ta ajiye ƙaramin kashi kusa da gadonta. Duk tsawon hanya ina tauna dakuwa ina sane da cewa akwai mai tauna irinta saboda ni. Sai dai a wannan karon Baba ta tambaya kwana nawa ne, ba ni ba.

Da Yaya ya dawo muka tambaye shi yadda aka yi. Ya ce lokacin da ya sauka a Landan, Baba ko tashar mota bai kai ba a Kano. Dakuwar kuwa tun jirgi bai tashi ba ya cinye ta. Ni na ci gaba da cin guzurinsa safe da rana, da taimakon 'yan ajinmu, kuma buhu na biyu ya ƙare a satin da aka fara yankan dawa.